Tsokaci a Kan Tsarin Koyar da Ilimin Teku a Makarantu

A shekarar 2017 Hukumar UNESCO ta fitar da jagorar koyar da ilimin teku, wadda aka gina bisa ƙa'idoji bakwai da masana kimiyya da malaman makaranta suka tsara a Amurka a shekarar 2005. A taron birnin Brest na ƙasar Faransa a 2022 kuma, hukumar ta yi kira ga ƙasashe da su shigar da darasin cikin manhajojinsu. Kiran ya shafi Nijeriya, domin tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma a 2023 ta kafa ma'aikata ta musamman domin tattalin arzikin teku. Manufarmu a nan ita ce auna wannan tsari da ma'aunin ɗalibin da ke karatu da Hausa.

Ta fuskar ƙunshiya, tsarin ya cancanci yabo. Ya nuna cewa tekunan duniya haɗe suke tamkar ruwa guda, wanda ya mamaye kimanin kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, kuma shi ke sarrafa yanayi. Sai dai ƙa'idojin sun fara ne daga tekun kansa. Wannan ya dace da yaron Legas ko Kalaba, amma ya saɓa wa ƙa'idar koyarwa ta farawa daga sananne zuwa baƙo idan aka zo ga yaron Gusau, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba.

A ganinmu, damina ce ƙofar shiga. Ruwan da manomin gero ke jira, iska ce ke ɗauko danshinsa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, shi ya sa damina kan sauka a kudu kafin ta iso arewa. Ɗalibin da ya fahimci haka ya san cewa rumbun gidansu yana da alaƙa da teku. Daga nan sai a bi ruwan zuwa inda ya fito: Gulbin Rima ya haɗu da na Sakkwato, su zuba a Kogin Kwara, Kogin Kaduna ma can ya nufa, Binuwai ya tarar da shi a Lakwaja, su gangara Mashigin Gini. Ledar da aka jefa a kwata a Kaduna tana iya bin wannan hanya. Wajibi ne kuma malami ya bambance cewa kogunan Haɗeja da Jama'are Tafkin Cadi suka nufa, ba teku ba.

Matsala ta biyu ita ce ta keɓaɓɓun kalmomi, kuma a nan ne fassara kai-tsaye za ta fi yin ɓarna. Hausa tana da yalwar kalmomin ruwan daɗi: kogi, gulbi, ƙorama, rafi, tafki, kududdufi, fadama. Amma kalmar “teku” ita kaɗai ke ɗauke da babban teku da ƙarami, sai “bahar” ta Larabci da ta maƙale a sunaye kamar Bahar Maliya da Bahar Rum. Haka nan “igiyar ruwa” ba za ta wadatar ga abubuwa uku mabambanta ba: kaɗawar da iska ke haddasawa, da cika da janyewar teku sakamakon jan wata, da kuma gudanar ruwa a cikin tekun. Muddin aka kira su da suna ɗaya, ɗalibi zai haddace darasi ba tare da ya gane shi ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a daidaita kalmomin tukuna kafin a rubuta littafi, a kuma tuntuɓi masunta irin Sarkawan Argungu da Yawuri, domin a bakinsu akwai kalmomin da ƙamus bai tattara ba. Har ila yau, bai kamata a ƙirƙiro sabon darasi a jadawalin da ya riga ya cika ba. A saka batun cikin darussan auna fahimta da insha'i na Hausa, da na kimiyya da labarin ƙasa, a jere daga damina zuwa kogi, daga kogi zuwa teku.