Sharhi Kan Sanya Tagogi da Ƙyamaren Ƙarfe a Ginin Ƙasa

Ra'ayin da wannan takarda take son dubawa shi ne wanda ya ce maganin ɓarnar iskar farkon damina a gidajen gargajiya shi ne a cire ƙananan tagogi da ƙyamaren katako, a sa manya na ƙarfe. Ra'ayin yana da hujja, domin ƙaramar taga tana hana haske, katako kuma gara tana cinsa. Amma masu wannan ra'ayi sun dubi ƙarfin ƙyaure, sun manta da bangon da zai riƙe shi.

Da farko, hadari a ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa. Saboda haka magina suka saba ƙanƙanta taga, su ɗaga ta sama, su kuma kauce wa buɗe gabas. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna bango ninkawa huɗu yake yi. Ke nan duk faɗin da aka ƙara wa taga, nauyi ne aka ƙara wa tubalin da ke kewaye da ita.

Na biyu, ƙarfe da siminti ba sa kama ƙasa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, sai tsaga ta fito a mahaɗarsu, ruwa ya shiga ya jiƙa tubali. Ran da iska ta fizge tagar, sai ta cika ɗaki, ta tura rufin kwano daga ciki, ta yaye shi.

Ba a rasa abin koyi ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, da Masallacin Yama a Nijar, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, sun nuna iyakar gwanintar maginan ƙasa.

Shawarar wannan takarda ita ce a bar taga ƙarama, a ɗora azarar giginya bisa kanta ta shige bango sosai ta kowane gefe, a ɗaure katakon ƙofa da ita, a sa sakata sama da ƙasa, a kuma nisanta indararo daga bakin taga. Sassan koyar da sana'a na kwalejojinmu su gayyato magina cikin aji, tun masu wannan sani ba su ƙare ba.