Juma'ar Da Za Ta Yi Kyau

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Turawa ma suna da magana irin wannan, cewa halin da yaro ya kai shekara bakwai da shi, da shi zai tsufa. To, akwai wani jerin majigi da aka yi a Ingila don a gwada gaskiyar wannan magana, kuma ya kamata duk wanda ya sami dama ya kalle shi.

A cikin 1964 kamfanin talabijin na Granada ya zaɓi yara 14, kowanne ɗan shekara bakwai. Akwai 'ya'yan masu hali, da 'ya'yan talakawa, da ɗan manomi, da biyu daga gidan renon yara. Aka tambaye su abin da suke so su zama, aka ɗauki hotonsu da muryarsu, aka sa wa majigin suna Seven Up. Wani saurayi mai suna Michael Apted yana cikin masu zaɓen yaran. Shi ne ya riƙa komawa wurinsu duk bayan shekara bakwai, har kashi na tara ya fito cikin 2019, sa'ad da suka kai shekara 63. Shi kuwa ya rasu cikin 2021. Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, mutane ne kawai suna faɗin abin da duniya ta yi da su.

Shin karin maganar ta tabbata? Ta wani gefe ta tabbata. 'Ya'yan masu hali uku sun zauna tun suna yara suna lissafa makarantun da za su shiga, biyu daga cikinsu kuwa suka bi kusan hanyar nan, suka zama lauyoyi. Gatan gida ba ƙarya ba ne.

Amma dubi Nick, ɗan manomi daga wani ƙauye a Yorkshire. Ya kai jami'ar Oxford, daga baya ya zama shehun malami a Amurka. Dubi Tony, ɗan unguwar talakawa a Landan, wanda ya ƙwallafa rai ga sukuwar dawaki. Abin bai yiwu ba, ya kama tuƙin tasi, ya riƙe iyalinsa da ita. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne Neil. Yana ɗan shekara bakwai ba wanda ya fi shi fara'a. Da ya kai 28 aka same shi yana gararamba a Sukotlan, ba gida ba aiki. Mai kallo zai ce tasa ta ƙare. Ashe da sauran numfashi, gama a shekara 42 sai ga shi kansila a Landan, bayan Bruce, ɗaya daga cikin yaran nan, ya ba shi masauki.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun fi kowa gane wannan. Da an yanke muku hukunci tun kuna yara, da an ce ba za ku taɓa karanta wasiƙa da kanku ba.

Aikin bai rasa aibi ba. Cikin yara 14 huɗu kaɗai ne mata, sa'an nan an daɗe ana damunsu da tambayar aure, har ɗayarsu ta fito fili ta ƙalubalanci Apted. Kuma da Turanci aka yi shi, saboda haka a nemi mai fassara a zauna tare. Kada a yi gaggawa, a bi shi kashi kashi tun daga fari, domin daɗinsa yana wajen ganin fuska ɗaya tana canzawa. An yi irinsa a Afirka ta Kudu, an fara cikin 1992.

Mu fa? An buɗe talabijin a Kaduna cikin 1962, shekara biyu kafin Seven Up. Yaron da ke da shekara bakwai a Kawo ko Unguwar Rimi cikin 1964 ya ga juyin mulkin 1966, da yaƙin basasa, da shigowar naira cikin 1973. Gidan Arewa yana adana tarihin shugabanni, amma wa zai adana muryar mai faci da mai ƙosai? Abin koyi yana kusa da mu. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin Baba of Karo ya fito cikin 1954, har yau ana karanta shi.

Yanzu kuwa wayar hannu ta isa. Ka zaunar da ɗanka ko jikarka mai shekara bakwai, ka tambayi burinsa, ka ɗauka, ka rubuta kwanan wata, ka adana. In Allah ya kai rai, bayan shekara bakwai ka sake tambaya.