Jinjina ga Masu Gwajin Allon Katako a Malesiya

Gam ɗin da ake manne allunan garin katako da shi galibi yana ɗauke da fomaldihaid, sinadarin da hukumar binciken ciwon daji ta IARC ta ayyana a 2004 cewa yana jawo ciwon daji. Shi ya sa masu bincike a jami'ar USM da ke Penang suka burge ni. Sukan niƙa itacen bakin teku, su cakuɗa da furotin waken suya ko tanin, irin sinadarin bagaruwar majema, a maimakon wannan gam, su danne da zafi. Sai su jiƙa allon su ga ko zai kumbura, su ja shi har ya tsage, su haska masa X-ray su auna abin da ya tare. Aiki ne mai cin rai, amma suna yin sa ne domin asibitoci su gwada ƙarfin hasken a kan allon kafin ya taɓa majiyyaci.