Ƙaton Koton Roba da Kifin Muskie

Masuntan Wisconsin da Minnesota da Ontario suna yi wa muskie kirari da kifin jifa dubu goma, don sai mutum ya wuni yana jefa fatsa bai ga ko inuwarsa ba. Da can, abin da ake yaudararsa da shi bai wuce koton gashin wutsiyar barewa ba, ko na katako irin Suick da aka daɗe ana yi a garin Antigo. Yanzu kuwa roba ce ta cika kwale-kwale. Tun da kamfanin Musky Innovations ya fito da Bull Dawg, sai ga Medussa, ga Bondy Bait da ake lilo da shi a Kogin Detroit. Har akwai wanda ake kira Pounder, nauyinsa ya kusa rabin kilo.

Ni dai ba na cikin masu kukan cewa roba ta kashe sana'a. Tana aiki, kuma dalilin a bayyane yake. Idan sanyi ya kama a watan Oktoba da Nuwamba, manyan muskie sukan bi ayarin kifin cisco mai kitse. Katako ba ya nitsewa yadda ake so, ita kuwa roba akwai dalma a cikinta. Ana fizga ta ɗago, a sassauta ta faɗa tana kaɗa wutsiya, kuma galibi a wannan faɗuwar ne kifin ke kai cafka. Mai sassauta zare a kan lokaci shi ne gwani, ba mai ƙarfin hannu ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tseren girma. Sabon shiga ya ga hoton wani riƙe da kifi mai inci 50, washegari ya sayi roba mafi girma a shago, da sanda mai ƙafa 9, ya tafi tafki a watan Yuni lokacin da kifin ke cikin ciyawar bakin ruwa. Kafin azahar kafaɗa ta riƙe, jifa ya lalace. Idan kifi ya biyo koton har gefen jirgi, lokacin da ya kamata a nutsa sanda a zana lamba 8 a cikin ruwa, hannu ya riga ya mutu. (Ga kuma tsada: haƙoran muskie suna yaga roba, shi ya sa za ka ga mutum da daddare yana liƙe wutsiya da wuta.)

Maganar da ta fi damuna ta kifin ce. Roba tana da laushi, muskie yakan zuƙe ta gaba ɗaya, ƙugiyoyi masu baki uku su shige can maƙogwaro. Wannan kifi ne mai jinkirin girma, shi ya sa Minnesota ta hana tafiya da wanda bai kai inci 54 ba, ƙungiyar Muskies Inc. kuma, wadda aka kafa a 1966, ta daɗe tana wa'azin a kama a saki. Amma sakin kifin da jini ke zuba daga wuyansa ba saki ba ne. Duk wanda zai jefa Pounder, to ya tanadi babbar koma da zai bar kifin a cikinta yana ruwa, da doguwar filaya, da abin datse ƙugiya. Ƙugiyar da ta shige ciki a datse ta kawai, kada a tsaya ana murɗawa don ƙyashin kuɗin sabuwa.