Baba ta Karo: Abin da Littafin Ya Nuna da Abin da Ya Bari

Akwai littafi guda da ya kamata duk mai aiki a cikin matan ƙauye ya sani. Sunansa Baba of Karo, watau labarin Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano. An haife ta a 1877, ta rasu a 1951. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna tare da ita a Giwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, Baba tana ba da labari da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Aka buga littafin da Turanci a Landan a 1954, shekara uku bayan rasuwar mai labarin.

Baba ba ta riƙe sarauta ba. Ta yi aure har sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Bisa ga ma'aunin mutane da yawa, irin wannan mace ba ta da abin faɗi. Amma mai karatu zai tarar da ita a tsakiyar kowace hidima: ta goyi 'ya'yan dangi, ta aurar da su, ta shiga tsakanin masu saɓani. Wannan shi ne babban amfanin littafin, gama ya nuna cewa shugabancin mata a ƙauye ba da rawani ake yinsa ba, sai da zumunci da ɗaukar nauyin wasu.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne bayanin ƙawance. Ƙawa ba abokiyar hira kaɗai ba ce. Yarinya takan zaɓi ƙawarta tun suna ƙanana, su ƙulla da kyauta, su riƙe juna har tsufa. Sa'ad da biki ya taso, na suna ko na aure, ƙawa takan kawo gudummawa, ranar nata bikin kuma a mayar mata da ƙari. Akwai kuma ƙanwar rana, wadda babbar mace takan ɗauka ta riƙa taimakonta, ita kuma tana yi mata hidima. Aure yakan mutu, mace ta bar gari, amma ƙawance yana nan. Ashe tun kafin a san banki ko ƙungiya mai rajista, mata suna da asusunsu da dokarsu.

Duk da haka, littafin yana da kasawa biyu, kada a rufe ido a kansu.

Ta fari, Baba 'yar masu bayi ce. Gidansu suna da rinji, bayi ne suke noma musu. Ta ba da labarin harin masu kamun mutane, da yadda ake tara kuɗi a fanshi ɗan'uwa, har mai karatu ya ji tausayi. Ta kuma faɗi yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa, waɗanda suka shiga Zariya a 1902. Amma ta ga abin daga zauren iyayengiji ne. Matan rinji, waɗanda suka yi noma da daka da goyo, ana ganinsu suna wucewa, ba a ji zuciyarsu ba. Su wa suka zama ƙawayensu? Wa ya kawo musu gudummawa ranar suna? Haka nan matan Maguzawa, masu fita gona da kansu, ba su sami fili sosai ba. Wanda ya ɗauki rayuwar Baba a matsayin rayuwar kowace Bahaushiya ya yi kuskure.

Ta biyu, littafin ya fito da harshen da Baba da ƙawayenta ba su ji. Mijin Mary Smith, M. G. Smith, masanin al'adu ne mai bincike a Zazzau, shi ya rubuta gabatarwa, aka kuma cika bayan littafin da bayanai domin ɗaliban jami'a. Wannan ya amfani baƙo, amma ya sa tsohuwa mai hikima ta zama kamar abin nazari. Gishirin maganarta kuwa, babu shakka wani ya zube a hanyar juyi.

Wannan kasawa ba ta rage darajar aikin ba, ta dai nuna inda za a ɗora. Har yanzu adashi yana tafiya a ƙauyuka, Zumuntar Mata a ikilisiyoyi da ƙungiyoyin mata Musulmi suna ziyarar marasa lafiya da gwauraye bisa wannan tsohon tushe. Masu kawo wa mata shirin taimako sukan fara da naɗa shugaba da magatakarda, su tsallake tsohuwar da kowa yake zuwa wurinta neman shawara, daga baya su yi mamakin rushewar aikin. Zumunci a ƙafa yake. A kowane ƙauye akwai irin su Baba, har da jikokin matan rinji. Ya kamata masu ilimi su zauna a gabansu da takarda da alƙalami, su rubuta da Hausa, tun suna da rai.