Wasan Waya Zai Iya Gane Ruɗewar Tsohonka a Asibiti?

Idan ka taɓa jinyar tsoho a asibiti, wataƙila ka ga irin wannan. Da la'asar Baba yana hira lafiya lau, har yana tambaya ko an ba dabbobi ruwa. Cikin dare sai ya tashi yana fizge robar ƙarin ruwa, wai a buɗe masa ƙofa zai tafi gona, yana kiran ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Da safe ya dawo daidai, da magariba abin ya sake tashi. Masu dubiya kowa da tasa: wani ya ce gigin tsufa ne, wata ta ce iska ce.

Likitoci suna kiran wannan yanayi diliriyam. Ni a nan zan kira shi ruɗewar farat ɗaya. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ita kuwa cikin awoyi ko 'yan kwanaki take zuwa, tana tashi tana lafawa. Yawanci alama ce cewa wani abu ya lalace a jiki: ciwon huhu, ƙwayoyin cuta a mafitsara, maleriya, ƙarancin ruwa, saukar suga, riƙewar fitsari, zafin ciwo bayan tiyata, ko wani maganin barci. In an gano sanadin da wuri, sau da yawa mutum yana dawowa hayyacinsa. In ba a gano ba, zaman asibiti yana tsawo, haɗarin faɗuwa da na mutuwa suna ƙaruwa. Binciken da aka tattara daga asibitoci da dama ya nuna kusan mutum 1 cikin 4 na manyan da aka kwantar a sashen cututtukan jiki suna samunta. Wadda aka fi kasa ganewa kuma ita ce ta shiru: tsoho ya yi lamo, yana ta gyangyaɗi, a ce ai hutawa yake.

Shi ya sa masu bincike suka fara tunanin ko wasan waya zai taimaka. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Babban abin da ruɗewar ke taɓawa shi ne iya tsayar da hankali wuri ɗaya, wasa kuwa ba ya yiwuwa sai da tsayar da hankali.

Me aka gwada, me aka samu?

A Toronto ta Kanada, masu bincike sun gwada wani wasa a sashen gaggawa na asibitin Sunnybrook, suka wallafa sakamakon a 2016. Wata 'yar dabba ce ke leƙowa daga rami a fuskar kwamfutar hannu, kai kuma ka danna ta. Na'urar tana auna saurinka da yawan kuskurenka.

A Jami'ar Edinbara ta Sikotland an ƙirƙiri manhajar DelApp. Marar lafiya zai ƙirga wasu alamomi da ke bayyana suna ɓacewa, yayin da wasu siffofi ke ƙoƙarin ɗauke masa hankali. A rahoton 2020, ta kama kusan 9 cikin 10 na masu ruɗewar. Amma kusan 1 cikin 4 na waɗanda ba su da ita, su ma ta jefa su cikin sahu.

A Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka kuma rigakafi aka nema. An ba 'yan shekara 60 zuwa sama wasannin Lumosity su yi kafin ranar tiyata. Kashi 14.4 cikin ɗari na waɗanda aka ba wasan sun ruɗe bayan tiyatar, a ɗaya rukunin kuwa kashi 23.

To, a nan ne nake so mu ɗan tsaya. Waɗannan alkaluma na Ohayo suna da daɗin ji, amma a ma'aunin ƙididdiga tazarar ba ta kai a ce lallai wasan ne ya jawo ta ba. Sai da aka cire mutum 4 da ba su taɓa wasan ba sannan ta kai. Kuma an nemi kowa ya yi awa 10, mafi yawa ba su cika ba. Ka ga wannan haske ne da ya cancanci a bi, bai zama hujja ba tukuna. Sannan kafin tiyata aka yi shi, ga masu cikakken hankali. Bai nuna cewa wasa yana warkar da wanda ya riga ya ruɗe ba.

Mu kawo shi Daura

Ɗauki wata tsohuwa da aka kawo Babban Asibitin Daura daga wani ƙauyen Baure ko Mai'aduwa. Wayarta mai tocila ce, ita ma jikanta ke danna mata. Tana da yanar ido, yatsunta sun ƙage. Ka miƙa mata gilashi ka ce ta bugi ɓeran da ke leƙowa. Za ta yi jinkiri, za ta yi kuskure, ƙila ma ta ce, "Ɗan nan, ni ba na wasa da girmana." Na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san baƙunta ba. Lissafinta kawai zai ce hankali ya raunana. Idan a Sikotland ma tana kuskuren mutum 1 cikin 4, babu dalilin ɗauka cewa a nan za ta fi haka, sai an gwada an gani.

Matsalar ba ta wasa kaɗai ba ce. Gwajin 4AT, wanda shi ma daga Edinbara ya fito kuma asibitoci da yawa ke amfani da shi, yana tambayar ranar haihuwa da shekarar da ake ciki, sannan a jero watanni da baya daga Disamba. Dattijon da zai ce maka an haife shi zamanin Sarki Abdurrahman, ya yi aure farkon sarautar Sarki Bashar, wanda shekararsa ke tafiya da watan Gani, da azumin tsofaffi, da Babbar Sallah, zai iya faɗuwa wannan jarrabawa alhali hankalinsa garau. Ma'aunin da aka sassaƙa don wasu mutane, dole a sake saita shi kafin a ɗora wa wasu.

Abu na gaba: ko da wasan ya yi daidai, ƙararrawa kawai ya buga. Ba zai gaya maka suga ne ya sauka ko fitsari ne ya riƙe ba. Sai an auna jini, an duba fitsari, an bi magungunan da yake sha ɗaya bayan ɗaya. Inda kuɗin waɗannan gwaje-gwaje ke gagarar iyali, sayen kwamfutar hannu ya zama an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da muke da shi tun tuni

A 1999, Dakta Sharon Inouye da abokan aikinta a Jami'ar Yale sun wallafa bincike kan tsofaffi 852. Ba na'ura, ba sabon magani. Abin da aka yi: a riƙa tuna wa marar lafiya inda yake da ranar da ake ciki, a bar shi ya yi barcin dare, a tayar da shi ya taka, a ba shi tabarau da na'urar jinsa, a tabbatar yana shan ruwa. Ruɗewa ta sauka daga kashi 15 zuwa 9.9 cikin ɗari. A can sai da aka horar da ma'aikata da 'yan sa kai don wannan aiki. Mu a nan, kusan kowane gado akwai 'ya ko suruka ko jika a kan tabarma, dare da rana. A Ostireliya ma an gwada tambaya ɗaya tak ga dangin marar lafiya: shin ya fi ruɗewa a 'yan kwanakin nan? Wa ya fi mai jinyarmu sanin amsar?

Ban ce a yi watsi da wasannin ba. Suna da amfani na gaske: ba sa buƙatar iya karatu, ba sa gajiya, ana iya maimaita su kullum. Amma ina ganin sharuɗɗa uku. A gwada mutum da kansa, wato ya buga ranar da aka kwantar da shi, a riƙa kwatanta gobe da jiya, ba da makin wani Bature ba. A gina wasan kan abin da ya sani. Tsohon da ya shekara hamsin yana dara a gindin bishiya ba baƙo ba ne a gaban ramuka da tsakuwa. Sannan a gwada shi a kan tsofaffinmu, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kwatanta da hukuncin likita, kafin a kashe ko kwabo wajen saye.

Kafin nan, kai ne na'urar. Idan tsohonka ya sauya farat ɗaya, ko da surutu ko da shiru, kada ka jira masu dubiya su raɗa wa abin suna. Je wurin nas ka ce, "Sista, Baba ba haka yake jiya ba, don Allah a duba shi." Faɗi lokacin da abin ya fara, nuna duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana awo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.