Anza Da Idon Kyamara: Sharhi Kan Binciken Ƙyamar Abinci

A shekarar 1966 masanin halayyar ɗan Adam John Garcia da abokin aikinsa Robert Koelling suka nuna cewa ɓeran da ya ɗanɗani wani abu sannan ciwo ya kama shi yakan guje wa wannan ɗanɗano daga baya, ko da sau ɗaya abin ya faru. Paul Rozin ya faɗaɗa nazarin zuwa ga mutane, inda ya nuna cewa yawancin ƙyama koyonta ake yi daga jama'a. Ita kuwa Anne Becker ta bi sawun ƴan mata ɗalibai a Fiji bayan isar talabijin yankinsu a 1995, ta tarar cewa cikin shekara uku wasunsu sun fara tilasta wa kansu amai don su rame.

Waɗannan ayyuka suna da daraja, amma awonsu bai cika dacewa da ƙasar Adar ba. A 2010 Joseph Henrich da abokansa sun yi nuni da cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Takardar tambayar da aka tsara wa ɗalibin Amurka ba ta rarrabe ƙyama da kunya da camfi. Mai cikin da ta ƙi cin ƙwai a wani ƙauyen Buza ba lallai ne ƙwan ya gundure ta ba. Sau da yawa hani ne ta gada daga uwa da uwar miji. Wanda ya lissafa wannan cikin hujjojin cewa mata sun fi maza ƙyamar abinci ya auna dokar gida ne, ya kira ta halitta.

Sha'anin anza ya fi fito da matsalar fili. A yunwar 2005 kafofin watsa labarai na duniya sun riƙa nuna matan Nijar suna tsinkar ganye da ƴaƴan daji a matsayin shaidar bala'i. Yunwar gaskiya ce, hotunan kuma sun jawo agaji. Sai dai sun haɗa tafasa da zogale, waɗanda ake kwaɗonsu ko a shekarar yalwa, da abincin wahala. Anza tana da ɗaci, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, kuma matan da maza suka bari a gida lokacin cirani su ne ke riƙe da wannan sani. Su ne dai suka fi yawa cikin ma'aikatan da suka farfaɗo da ƙasar Keita a aikin da aka soma a 1984. Idan yaro ya tashi yana jin cewa cin anza abin kunya ne, ilimin sarrafa ta zai bi tsofaffi zuwa kabari, alhali fari bai daina zuwa ba.

Rediyo na iya gyara ɗabi'a, amma da iyaka. Gwajin da aka yi a Burkina Faso daga 2012 zuwa 2015 ya ƙara yawan yaran da ake kai wa asibiti, sai dai bai nuna raguwar mace-macensu a fili ba. Saboda haka malamai da ƙungiyoyin al'adu a Madawa da Buza da Keita suna da aikin da ya fi jiran saƙon rediyo: su sa ɗalibai su tambayi kakanninsu abin da ba a ci, da wanda aka hana wa, da dalilin hanin, su rubuta amsoshin da Hausa. Da irin wannan taska ce mai bincike zai iya gane inda ƙyama ta tsaya da inda umarni ya fara.